Yadda Mai Gidan Abinci Zai Yi da Ma'aikacinsa Idan Ya Kamu da Rashin Lafiya

A gidajen abinci da yawa na cikin garin Kaduna, tun daga rumfar mai tuwo-tuwo da ke bakin tashar Kawo har zuwa manyan wuraren cin abinci na Barnawa da titin Isa Kaita, akwai wata ƙa'ida da take aiki ko da ba a rubuta ta ba. Wanda ya zo aiki shi yake da kuɗin yini, wanda bai zo ba ba shi da komai, kuma idan ya kwana uku ba a ga ƙeyarsa ba, yana iya dawowa ya tarar an ɗauki wani a gurbinsa. Masu gidajen suna ganin wannan tsari yana hana lalaci, amma abin da ya fi haifarwa shi ne ɓoye ciwo. Kukun da ya kwana yana zarya tsakanin ɗaki da banɗaki, idan ya san faɗin gaskiya zai ci masa kuɗin cefanen gidansa, zai biya ta kemis da sassafe ya sayi ƙwayar tsayar da gudawa, ya shiga kicin ya kama aiki, kuma babu wanda zai sani sai kwastomomi sun fara kwanciya. Saboda haka babban aikin mai gidan abinci a wannan al'amari shi ne ya tsara wurinsa yadda faɗin gaskiya zai fi wa ma'aikaci sauƙi a kan ɓoyewa, kuma duk matakan da za a bayyana a nan a kan wannan suke rataye.

Lamarin ba ƙarami ba ne. A ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, kimanin mutum miliyan 600 ne suke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 daga cikinsu suna mutuwa, kuma yankin Afirka kaɗai yana da kimanin mutum miliyan 91 masu kamuwa da 137,000 masu rasuwa. A Amurka, inda ake bin diddigin irin wannan, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta duba ɓarkewar cututtuka a gidajen abinci daga 2017 zuwa 2019, ta gano cewa a cikin waɗanda aka san musabbabinsu, kimanin kashi 40 cikin 100 suna da alaƙa da ma'aikacin da ya taɓa abinci alhali ba shi da lafiya. Mu kuma a nan ba mu manta da kwalarar 2021 ba, wadda aka yi zargin ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki.

Abin da za a shirya tun kowa yana da lafiya

Ranar da aka ɗauki mutum aiki ita ce ranar da za a yi maganar ciwo, ba ranar da ya kwanta ba. A zaunar da shi a faɗa masa da baki, cikin harshen da ya fi ji, cewa duk ranar da ya tashi da amai, ko gudawa, ko zazzaɓi, ko ya ga idanunsa sun yi ɗorawa, wajibi ne ya sanar kafin ya fito daga gida, kuma sanarwar ba za ta ci masa kuɗi ba, ba za ta ci masa aiki ba. A kuma faɗa masa ɗaya gefen, cewa laifin da ba za a yafe ba shi ne a gano ya ɓoye ya shiga kicin. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da fara aiki, har da abin da ya shafi rashin lafiya, don haka yana da kyau wannan alkawari ya shiga takarda, ko da rabin shafi ne da Hausa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala.

Sai dai alkawari ba ya tsayawa idan babu wanda zai riƙe aikin. Dalilin da ya sa uwar ɗaki take cewa "ki daure ki zo ko zuwa azahar ne" sau da yawa ba mugunta ba ce, tsoro ne, domin mutum ɗaya ce ta iya tuƙa tuwon shinkafa na mutum ɗari ba tare da ya yi gudaji ba, ko mutum ɗaya ne ya san hannun gishirin miyar gidan. Maganin wannan shi ne kowane muhimmin aiki ya zama akwai mutum biyu da suka iya shi. A riƙa ba mai wanke-wanke dama tana tsayawa kusa da tukunya a ranakun da ciniki bai yi zafi ba, a koya wa mai kai abinci tebur yanka da soya, sannan a ajiye lambar mutum ɗaya ko biyu a unguwa waɗanda za a iya kira su yi aikin yini. Wannan ya fi zama dole gab da azumi, da Sallah, da Kirsimeti, da lokacin da aka karɓi kwangilar abincin biki, domin a irin waɗannan ranaku ne ake matsa wa marar lafiya ya fito, kuma a ranakun ne abincin yake shiga baki mafi yawa.

Na uku shi ne kuɗi, kuma lissafinsa yana da sauƙi fiye da yadda ake zato. Doka ta ba ma'aikaci kwana 12 na jinya da biya a shekara, shekara kuwa wata 12 ce, ke nan idan mai gida yana ware ladan yini ɗaya na kowane ma'aikaci a kowane wata, ya rufe duk abin da doka take nema. A ɗauka, don misali, ana biyan mutum Naira 2,500 a yini kuma ma'aikata biyar ne. Abin da za a riƙa ajiyewa Naira 12,500 ne a wata. A sa shi a asusu na daban wanda ba a taɓawa don sayen gawayi ko gas, domin kuɗin da yake cikin aljihun ciniki ba ya kwana.

Akwai kuma gwajin lafiyar masu taɓa abinci, wanda hukumar NAFDAC take nema daga gidajen burodi da masu sarrafa abinci, jami'an duba-gari na ƙananan hukumomi ma sukan tambayi takardarsa idan sun zo zagaye. A yi shi, kuma mai gida ne ya dace ya biya. Amma a sani cewa takardar tana ba da labarin ranar da aka yi gwajin ne kawai, ba ta san abin da mutum ya ci ko ya sha jiya ba.

Ciwon da yake hana mutum taɓa abinci

Ƙa'idojin tsaftar abinci na duniya sun ambaci alamomin da ya kamata ma'aikaci ya sanar da shugabansa idan ya gan su: gudawa, da amai, da zazzaɓi, da shawara, da ciwon maƙogwaro mai haɗe da zazzaɓi, da miki ko maruru mai ruwa a fata, da ruwan da yake fita daga kunne ko ido ko hanci. Ba duka suke da nauyi ɗaya ba, kuma wanda ya fi kowanne haɗari, ya kuma fi kowanne saurin ɓoyuwa, shi ne amai da gudawa.

Wanda yake amai ko gudawa ba ya shiga kicin, ba ya kai abinci tebur, ba ya wanke kwanuka, ba ya ɗiban ruwa a randa. Ba a canza masa aiki a cikin gidan, gida ake tura shi, domin ƙwayoyin cutar suna bin hannu, su bi butar banɗaki, su bi marfin firiji da bakin famfo. Ƙa'idar da ake bi a Ingila, wadda ta dace a ara, ita ce kada ya dawo sai bayan awa 48 da tsayawar ciwon da kansa. Kalmar "da kansa" tana da muhimmanci, domin ƙwayar da ake saya a kemis tana tsayar da fitar bayan gida ne, ba ta kashe abin da ya jawo shi, kuma mutum yakan ci gaba da fitar da ƙwayoyin cutar na wasu kwanaki bayan ya ji ya warware. Masu gidajen abinci sukan kare kansu da cewa ai wuta tana kashe komai. Gaskiya ne wuta tana kashe da yawa, amma a tsaya a kalli hannun mai suya a tukubarsa na minti biyar: ya ɗauko tsire daga wuta, ya zare shi a kan takarda, ya yanka albasa da tumatir da kabeji ɗanye, ya barbaɗa yaji da yatsunsa, ya karɓi kuɗi ya ba da canji, ya naɗe, sannan ya ɗauki ɗanɗano ya miƙa wa na gaba. Duk abin da ya biyo bayan sauke naman bai ƙara ganin wuta ba. Haka burodin da mai shayi yake riƙewa da hannu yana shafa masa bota, haka zoɓo da kunun aya da ake tacewa a ɗura a gora, haka furar da ake damawa, haka salak da kwaɗon zogale. A waɗannan wurare ne hannun marar lafiya yake yin ɓarna.

Shawara, wato idanu da fata su yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, alama ce da take da dalilai da yawa, har da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da sikila, amma ɗaya daga cikin dalilan shi ne nau'in ciwon hanta na A, wanda yake bin abinci da ruwa. Don haka mai shawara zai bar aiki nan take ya ga likita, kuma idan aka tabbatar nau'in A ne, sai ya yi aƙalla kwana 7 daga ranar da shawarar ta bayyana kafin a yi maganar dawowa. Zazzaɓin taifod kuwa yana da wata matsala ta daban, domin mutum 2 zuwa 5 cikin kowane 100 da suka warke sukan ci gaba da ɗaukar ƙwayar a jikinsu ba tare da suna jin komai ba. Labarin da ya fi shahara a wannan shi ne na Mary Mallon, wata mai dafa abinci a birnin Niyok, wadda aka gano a 1907 cewa iyalan da take yi wa girki suna ta kamuwa da taifod alhali ita lafiyarta ƙalau. Darasin aiki a nan shi ne kukun da ya yi taifod na gaske ba jin daɗin jikinsa ne zai mayar da shi bakin tukunya ba, sai likita ya gwada bayan gidansa ya ce ya tsarkaka. A kuma lura cewa gwajin jini na taifod da ake kira Widal, wanda ake yi a ko'ina, ba ya isa shi kaɗai ya tabbatar da cutar, kuma mutane da yawa da ake ce wa suna da taifod ba ita ba ce.

Miki a hannu abu ne da ake rainawa. Ɗan karkare a yatsa, ko maruru, ko yankan wuƙar da ya fara ruwa, suna ɗauke da wata ƙwayar cuta da take zuba guba a cikin abinci idan ya jima a ajiye, kuma wannan guba ba ta mutuwa ko an sake ɗumama abincin; wanda ya ci yakan fara amai cikin 'yan awanni. Idan yanka ne mai tsafta, a wanke, a rufe da filastar da ruwa ba ya ratsawa, a ɗora safar hannu a kai. Idan ya yi mugunya, a mayar da mutumin wurin karɓar kuɗi ko sayayya a kasuwa har ya warke, tsumman da ake ɗaurewa da shi kuwa ba rufi ba ne.

Mai mura da atishawa a janye shi daga zuba abinci na kwana biyu. Ciwon maƙogwaro da zazzaɓi yana buƙatar asibiti, musamman tun bayan ɓarkewar mashaƙo a jihohin Arewa a 2023, wadda ta taɓa har Kafanchan. Tarin da ya wuce mako 2, musamman idan akwai rama da gumin dare, a kai shi gwajin tarin fuka, wato tibi, wanda gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma jiharmu ce take da cibiyar horarwa ta ƙasa a kan wannan cuta a Saye, kusa da Zariya. Tibi iska take bi, don haka waɗanda suka fi shiga haɗari su ne abokan aikin da suke cunkushe da shi a ƙaramin kicin marar taga. Maganin yana ɗaukar wata 6, amma mutum ba ya buƙatar zaman gida na tsawon wannan lokaci. Likita zai faɗi lokacin da ya daina yaɗawa, daga nan sai ya dawo yana aiki yana shan maganinsa.

Ranar da abin ya faru

Yadda aka amsa kiran farko shi ne zai koya wa sauran ma'aikata ko alkawarin gaskiya ne. Idan yarinya ta kira da asuba ta ce, "Hajiya, ina kwana. Wallahi tun dare cikina yake juyawa, na kasa barci," amsar da ta dace ita ce, "Sannu 'yata, Allah ya sawwaƙe. Kada ki fito. Ki haɗa ruwan gishiri da sukari ki riƙa sha, in bai lafa ba ki je asibiti. Kuɗinki na yau yana nan, wurinki ma yana nan." Ba a buƙatar fiye da haka, kuma tsaki ko "to yanzu wa zai yi mini aikin?" yana rushe duk abin da aka gina. Ruwan gishiri da sukari kuwa, idan ba a sami na leda ba, ana haɗa shi da lita 1 ta tsaftataccen ruwa, da ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan gudawar ta zama ruwa tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, ko akwai jini, ko mutum ya kasa riƙe abin da ya sha, ko idanunsa sun faɗa, ba a jira. A kai shi cibiyar lafiya ta mazaɓa ko babban asibiti mafi kusa, kamar Yusuf Dantsoho a Tudun Wada, ko Gwamna Awan a Kakuri, ko asibitin Kawo, ko Barau Dikko.

Idan kuma a wurin aiki ciwon ya kama shi, a tsayar da shi nan take, a ba shi kuɗin mota, a haɗa shi da wani idan jikinsa ya yi laushi. Daga nan a tambayi abin da ya taɓa tun safe. Duk abin da ya taɓa wanda ba zai sake hawa wuta ba a zubar da shi, komai zafin asarar. A wanke allon yanka, da wuƙaƙe, da tebur, da banɗaki, da buta, da sabulu sannan da ruwan Hypo ko Jik bisa awon da aka rubuta a jikin kwalbar, wanda zai yi aikin kuma ya sa safar hannu, kuma kada ya zama shi ne mai zuba abinci a ranar. Kowa ya wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudu na kamar daƙiƙa 20. Baho ɗaya da mutum goma suke tsoma hannu a ciki ba wanki ba ne, man goge hannu mai sinadari kuma ba ya maye gurbin sabulu a kan wasu ƙwayoyin amai da gudawa.

A ajiye ƙaramin littafi a rubuta ranar da mutum ya fara ciwo, da alamomin, da ranar da ya tsaya. Idan ma'aikata biyu ko uku suka kwanta a tare, ko kwastomomi suka fara kawo ƙorafi, to a zargi ruwan gidan ko wani abu da aka ci tare, musamman da damina ko idan ruwan 'yan garuwa ake saya, a kuma sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ko Kaduna ta Arewa ce, ko ta Kudu, ko Chikun, ko Igabi. A nan ya kamata a tuna da waɗanda ba a lissafa su cikin ma'aikata: almajirin da yake wanke kwanuka a ba shi ƙanzo, da yaron da yake kai kula shaguna a kasuwar Barci. Ba su da albashin da za a yanke, abincin ranar ne ladansu, don haka su ne suka fi kowa ɓoye ciwo. A faɗa musu cewa ranar da ba su da lafiya za su sami abincinsu ba tare da sun taɓa kwano ba.

Maganar biya

Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ce ma'aikaci yana da haƙƙin a biya shi ladansa har na kwanakin aiki 12 a shekara idan ya kasa zuwa saboda rashin lafiya ta ɗan lokaci wadda likita mai rajista ya tabbatar, kuma mai gida yana da damar ya nemi likitan da shi ya zaɓa ya duba shi. Dokar ta amince da yarjejeniyar baka kamar yadda ta amince da rubutacciya, saboda haka "ai ba mu rubuta komai ba" ba hujja ba ce. Sashe na 5 kuma ya hana cin ma'aikaci tara ta hanyar zaftare ladansa, don haka ɗabi'ar cire kuɗin wanda ya riƙe aikin daga aljihun marar lafiya ba ta da madogara. Gaskiya ne dokar ba ta lissafa iyalan mai gida cikin ma'aikata ba, kuma gidajen abinci da yawa da 'ya'yan 'yan'uwa suke tafiya, amma ƙwayar cuta ba ta tambayar dangantaka, don haka ƙa'idar barin kicin ta hau kan kowa, har da mai gidan kansa.

A ganina bai dace a tsananta a kan takardar likita ba idan gudawar kwana biyu ce. Wanda ladansa na yini bai kai kuɗin kati da gwaji da mota ba, idan aka ce sai ya kawo takarda kafin a biya shi, an mayar da shi inda aka fito, wato ya daure ya zo aiki. Har kwana 3 a karɓi maganarsa, abin da ya wuce haka a nemi katin asibiti. Za a sami mai yin ƙarya, babu shakka, kuma a nan ne littafin yake da amfani, domin wanda cikinsa ba ya ɓaci sai ranar Litinin ko washegarin biki, rubutu zai nuna shi, sai a zauna da shi a keɓe, in ya cancanta a tura shi wurin likita a kuɗin gida. Asarar biyan maƙaryaci na yini biyu ba ta kai asarar a ce abincin gidan wane ya kwantar da mutanen biki ba, domin a Kaduna irin wannan labari yana riga mai shi isa gida.

Wanda yake da hali ya yi wa ma'aikatansa rajista da KADCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kaduna, wadda take da tsari na masu sana'o'in da ba na gwamnati ba. Ma'aikacin da yake da kati yana zuwa asibiti da wuri, kuma hakan ya fi wa mai gida sauƙi a kan rancen gaggawa da ake zuwa nema bayan ciwo ya ci jiki.

Ƙuna da yanka

Raunin da aka samu a bakin aiki hukuncinsa daban ne, domin wannan nauyin mai gida ne kai tsaye, kuma faɗin cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa ba ya sauke shi. Idan mai ko ruwan zafi ya zubo wa mutum, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana gudu na minti 20, a cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da kyalle mai tsafta. Kada a sa ƙanƙara, ko man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko manja, ko baƙin mai, kuma kada a fasa ƙurajen ruwan. Idan ƙunar ta fi tafin hannunsa faɗi, ko ta taɓa fuska, ko hannu, ko gaɓa, asibiti za a nufa. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, wanda daga cikinsa ake biyan jinya da diyya, kuma ta nemi ma'aikaci ya sanar da mai gida cikin kwana 14, shi kuma mai gida ya kai rahoto cikin kwana 7. Otal-otal da manyan gidajen abinci ba su da uzurin ƙin shiga. Ƙaramin wurin da bai shiga ba kuwa, kuɗin magani da ladan kwanakin jinya suna wuyan mai shi, kuma bai kamata a cire su daga kwana 12 na rashin lafiya ba.

Waɗanda ake kora ba gaira ba dalili

Abin mamaki shi ne gidan da yake barin mai gudawa a kicin shi ne yake saurin korar wanda ciwonsa ba ya bin abinci ko kaɗan. Cuta mai karya garkuwar jiki ba ta bin abinci, ba ta bin kwano ko cokali, kuma dokar hana nuna wariya ga masu ɗauke da ita ta 2014 ta haramta korar mutum ko hana shi aiki saboda ita. Ciwon hanta nau'in B ma jini yake bi da saduwa da haihuwa, ba tuwo ba, duk da cewa ana yawan sa shi cikin gwajin masu abinci har a sallami mutum a kansa. Abin da ake buƙata shi ne a rufe duk wani yanka, kada a yi tarayya a reza, sauran ma'aikata kuma su yi allurar rigakafi. Sikila, da ciwon suga, da hawan jini, da farfaɗiya, babu wanda ake ɗauka. Abin da masu su suke buƙata shi ne a ba su ranar ganin likita, mai farfaɗiya kuma a nisanta shi da wuta da tafasasshen mai. Zazzaɓin cizon sauro shi ma ba ya bin abinci, amma mai jiri da rawar ɗari bai kamata ya riƙe wuƙa ko ya sauke tukunya ba, kuma zazzaɓin da ya ƙi jin magani bayan kwana biyu ko uku a koma asibiti da shi, domin yana iya zama taifod ko Lassa, musamman da rani. Duk abin da ma'aikaci ya faɗa game da jikinsa amana ne. Sauran ma'aikata su ji cewa ba shi da lafiya kawai, ba sai sun ji sunan ciwon ba.

Aman laulayin ciki ba cuta ba ce, ko da yake mai shi takan so a nisanta ta da ƙaurin suya na 'yan makonni. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mai ciki mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin ladanta idan ta kai wata 6 tana aiki a wurin, sannan mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a yini.

Wani lokaci jinya takan yi tsawo ta cinye kwana 12, ƙaramin gida kuma ba zai iya biyan mutum biyu a kan aiki ɗaya har abada ba. A irin wannan hali a je a gai da marar lafiya, a yi magana da shi ko da iyalinsa a fili, a yanke wa'adin da za a riƙe masa gurbinsa, wata ɗaya ko biyu, a kuma faɗa wa wanda aka ɗauka cewa riƙon ƙwarya yake yi. Idan ya dawo a fara masa da aiki marar nauyi na 'yan kwanaki. Idan kuma ta tabbata ba zai iya dawowa ba, rabuwar tana da ƙa'ida a sashe na 11 na Dokar Ƙwadago: sanarwar yini 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 ga wanda ya kai shekara 5 ko fiye. Sanarwar da ta kai mako ɗaya dole ta zama a rubuce, ana kuma iya biyan kuɗin wa'adin a maimakonta, tare da duk wani bashin lada da yake bi. Ma'aikacin da aka sallama ba a bi wannan ba yana iya kai kukansa ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kaduna, inda jami'ai sukan fara da sasantawa, idan abin ya faskara kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a cikin garin.